Hukuncin Sakaci da Gajiyayyu a Kaduna: Waiwaye a kan Tarihin Doka

Gabatarwa

Abin da muke nufin dubawa a cikin wannan takarda shi ne tarihin wata tambaya ta shari'a wadda ba a cika yin ta ba a ƙasar nan. Idan mutum ya karɓi riƙon baligi wanda ba ya iya yi wa kansa kome, ko don tsufa, ko ciwo, ko taɓin hankali, sa'an nan ya bar shi da yunwa da ƙazanta da rashin magani, mene ne hukuncinsa? Irin wannan baligi shi muke kira gajiyayye a nan. Mun zaɓi birnin Kaduna, musamman ɓangaren da ke arewa da kogi, domin a nan ne aka zauna aka tsara dokar laifuffuka ta Jihar Arewa a 1959, kuma a nan ne, shekara sittin bayan haka, aka buɗe gidajen Rigasa duniya ta ga abin da ke ciki.

Ya kamata mu faɗa tun da fari cewa gidan tsofaffi irin na Turai, inda ake biyan kuɗi a ajiye tsoho har ƙarshen ransa, bai yaɗu a ƙasar Hausa ba, kuma Bahaushe abin kunya yake ɗaukarsa. Amma wannan bai sa an rasa wuraren da ake ajiye gajiyayyu na dogon lokaci ba. Akwai gidan gajiyayyu na hukuma kamar na Shahuci a Kano, akwai zangon kutare, akwai ɗakin mahaukata a gidan yari, akwai kuma gidan mari. Su ne gidajen riƙonmu, ko mun kira su da sunan ko ba mu kira ba. Ra'ayinmu shi ne, dokar Arewa ta daɗe tana ɗauka cewa gajiyayye kullum yana hannun danginsa, saboda haka ba ta damu ta tanadi hukunci mai nauyi ga baƙon da ya riƙe shi ya wulaƙanta shi ba.

Abin da Turawa suka tarar

Alƙalan ƙasar Zazzau, wadda Kaduna ke cikinta, da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma littattafan da ke hannunsu su ne Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu. A wannan mazhaba, ɗa mai hali wajibi ne ya ciyar da iyayensa matalauta, uba kuma ya ciyar da ɗansa har ya balaga, in kuwa ya balaga yana mahaukaci ko mai naƙasar da ta hana shi nema, to ciyarwar ba ta faɗi ba. Sai dai Malikiyya ta fi sauran mazhabobi taƙaita wannan wajibi. Bai hau kan jika game da kakansa ba, bai hau kan ɗan'uwa game da ɗan'uwansa ba, balle ɗan wa ko ɗan ƙane game da baffa. Abin da ya wuce iyaye da 'ya'ya da mata, al'ada ce da zumunci suke ɗauke da shi, in suka gaza sai ya koma kan jama'a da baitulmali.

Ta fuskar hukunci kuwa, fiƙihu bai yi wasa da sakaci ba. Halilu ya lissafa hana mutum abinci da nufin halaka shi a cikin hanyoyin kisan kai na ganganci, daidai da shaƙewa. Ya kuma ɗora lamuni a kan wanda yake da rarar abinci ko ruwa ya hana wanda ke cikin lalura har ya mutu. Abin da bai kai ga mutuwa ba, alƙali ko sarki yana da ikon ta'aziri, watau horo gwargwadon yadda ya ga ya dace. Wannan iko yana da faɗi ƙwarai, amma yana buƙatar a kawo ƙara, kuma a garin da kowa ya san kowa ba a rasa mai kawowa. Mai unguwa ya san gidan da aka ɗaure mahaukaci a turu, liman ya san tsohuwar da ba a kai wa tuwo. Makafi da kutare da guragu kuma suna da sarakunansu waɗanda ke magana da yawunsu a fada. Ba muna cewa ba a zalunci gajiyayyu a wancan zamani ba ne; mari da turu tsofaffin kalmomi ne a bakin Bahaushe. Muna cewa ne ido yana kan gidan.

Dokar Lugga

A 1904 Gwamna Lugga ya kafa wa Arewa dokar laifuffuka irin ta Turawa. Babban Jojinsa, H. C. Gollan, bai ƙirƙire ta ba, ya ɗauko ta ne daga dokar lardin Kwinsland na Ostareliya wadda Sir Samuel Griffith ya tsara aka zartar a 1899. Bayan an haɗe Kudu da Arewa, sai aka shimfiɗa ta a kan Nijeriya duka a 1916.

A cikin wannan doka akwai sashi biyu da suka shafe mu, waɗanda aka sani da lamba 300 da 339. Na farko ya ce duk wanda ke riƙe da wani da ba zai iya fita daga hannunsa ba, saboda shekaru, ko ciwo, ko taɓin hankali, ko tsarewa, kuma ba zai iya samar wa kansa abin masarufi ba, to wajibi ne mai riƙon ya samar masa. Dokar ba ta damu da yadda riƙon ya samo asali ba, ko da yarjejeniya ne, ko doka ce ta ɗora, ko mutum ne ya jawo wa kansa da aikinsa, ko da aikin na haram ne. Sashi na biyu ya ce wanda ya ƙi sauke wannan wajibi ba da uzuri ba, har ran mutumin ya shiga haɗari ko lafiyarsa ta kusa samun illa mai ɗorewa, ya yi babban laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara uku. A lura, ba sai an mutu ba.

Tushen wannan tunani yana cikin shari'o'in Ingila na ƙarni na goma sha tara. Sananniya a cikinsu ita ce ta wata mata mai suna Instan a 1893. Tana zaune da gwaggonta tsohuwa, da kuɗin tsohuwar ake sayo abincin gidan. Ƙafar tsohuwar ta ruɓe har ba ta iya tashi, ita kuwa Instan ta riƙa karɓar abinci tana ci ita kaɗai, ba ta ba ta ba, ba ta kira likita ba, ba ta gaya wa maƙwabta ba, har tsohuwar ta cika. Kotu ta same ta da laifin kisa. Babu takardar yarjejeniya tsakaninsu. Zaman gida ɗaya da cin abincin tsohuwar su suka ɗora mata wajibi.

Kada mu zuzuta wannan doka fiye da kima. A kotun majistare da ta joji kaɗai take aiki, mafi yawan talakawan Arewa kuwa gaban alƙali suke zuwa. Bugu da ƙari, babban mai riƙon gajiyayyu a wancan zamani ita ce gwamnati da kanta. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta ba majistare da likita ikon tsare mutum, kuma da yake gidajen mahaukata na Kalaba da Yaba suna can Kudu kuma sun cika, sai gidajen yari na gwamnati da na En'e suka zama ma'ajiyar masu taɓin hankali, har da waɗanda ba su yi laifin kome ba. Likitoci biyu da aka gayyato su duba al'amarin, Cunyngham Brown a 1936 da Carothers a 1955, duk sun nuna rashin dacewar tsarin. Wa zai kai ƙarar Razdan ko yari a ƙarƙashin sashi na 339? Duk da haka, ƙa'idar tana rubuce, kuma a Kaduna, inda kotun Turawa da ta alƙali ke aiki kafaɗa da kafaɗa, ta fi kusa da mutane fiye da ko'ina a Arewa.

Yadda shekara uku ta koma wata uku

Da mulkin kai ya gabato, sai maganar shari'a ta zama babbar matsalar siyasa. Hukumar Willink, wadda ta saurari koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, ta ji tsoron da waɗanda ba Musulmi ba suke yi wa kotunan alƙalai. Gwamnatin Ingila kuma ta nuna tana son a gyara dokar laifuffuka kafin ta saki Arewa. Saboda haka gwamnatin Sardauna ta kira wani kwamiti na masana shari'a ya zauna a Kaduna a ƙarshen Agusta da farkon Satumba na 1958. Shugabansa shi ne Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Tare da shi akwai Mai shari'a Muhammad Sharif na Fakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Mista Peter Achimugu, da Malam Musa, Babban Alƙalin Bida. Shawararsu ita ce a yi doka ɗaya ga kowa da kowa, a kan samfurin ta Sudan. S. S. Richardson, wanda ya yi aiki a Sudan, ya yi ɗawainiyar tsarawa, malamai a ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Malam Junaidu suka bi daftarin suka duba, majalisa ta zartar a zauren Lugga a 1959, dokar ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, ana gobe bikin 'yancin kai. Ita ce jama'a suke kira Final Kod.

Dokar Sudan kuwa 'yar dokar Indiya ce ta 1860 wadda Macaulay ya tsara, kuma a nan ne asarar ta shigo. Dokar Indiya ba ta da babin wajibin ciyar da wanda ake riƙo irin na Griffith. Abin da take da shi wani ɗan babi ne na karya alkawarin aiki, wanda aka yi domin hukunta barori. Macaulay ya bayyana dalilinsa da misalin masu ɗaukar matafiyi a amuku waɗanda ke iya ajiye shi a tsakiyar daji su gudu, ga su matalauta, ba abin da za a ci su tara a shari'ar diyya. A cikin wannan babi ne aka saka sashin da ya ce wanda halaltacciyar yarjejeniya ta ɗora masa kula da mutumin da ba ya iya taimakon kansa, saboda ƙuruciya ko taɓin hankali ko ciwo ko raunin jiki, in ya ƙi yi da gangan, a ɗaure shi wata uku, ko a ci shi tarar rufi 200. Wannan shi ne sashi na 491 a Indiya. Ya bi ta Hartum ya iso Kaduna ya zama sashi na 382, da wata ukunsa, yana maƙwabtaka da sashin ɗan dakon da ya yar da kaya ya bar matafiyi a hanya.

Bari mu tsaya kaɗan a kan wannan sashi, domin shi ne zuciyar maganarmu. Na farko, ya rataya laifin a kan yarjejeniya. Wanda ya karɓi gajiyayye don zumunci, ko don neman lada, ko don yana cin fanshonsa, ko don ya kama shi da ƙarfi ya kulle, babu yarjejeniyar da za a nuna, saboda haka sashin bai kama shi ba. Da a Unguwar Shanu Instan ta yi abin da ta yi a 1961, gwaggon kuma ta yi tsawon rai aka cece ta da sauran numfashi, da wuya a sami sashin da ya ambaci laifinta kai tsaye. Na biyu, nauyin hukuncin. A cikin wannan doka ɗin dai, sata tana iya kai mutum shekara biyar a gidan yari, zaluntar dabbar gida tana iya kai shi shekara guda. Watau jakin da aka azabtar ya fi tsohon da aka bari cikin kashinsa samun kariya, in dai tsawon ɗauri ne ma'auni.

Ba wai masu tsara dokar ba su san laifin sakaci ba ne. Sun san shi sarai, amma ga yara suka keɓe shi. Sashi na 237 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga wanda ya yar da yaro ɗan ƙasa da shekara goma sha biyu, sashi na 238 kuma ya hukunta mai riƙon yaro ɗan ƙasa da sha biyar in ya wulaƙanta shi ko ya yi sakaci da shi, ba tare da neman wata yarjejeniya ba. Da mutum ya wuce wannan shekaru, sai doka ta ɗauke shi mai iya tashi ya fita, ko da shanyewar jiki ta kwantar da shi.

Adalci ne mu ƙara da cewa Final Kod ba ta bar ƙofar a buɗe gaba ɗaya ba. Ta ce ƙin aikata abin da doka ta wajabta daidai yake da aikatawa, saboda haka in sakaci ya kai ga mutuwa ana iya tuhumar kisa. Akwai kuma sassan duka da rauni da tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba. Giɓin yana tsakiya ne, wurin abin da ba duka ba ne kuma ba kisa ba: yunwar da ake yi a hankali, gyambon kwanciya, maganin da ba a saya ba, ɗakin da ba a sharewa. Kuma yawancin wahalar gajiyayye a nan take. Mu a ganinmu ba mugunta ce ta kawo haka ba. Hankalin kwamitin 1958 yana kan hukuncin kisan kai, da ƙisasi da diyya, da matsayin shaidar wanda ba Musulmi ba. Waɗannan su ne ake ta da jijiyar wuya a kansu. Tsohuwar da ba ta da kowa ba ta da wakili a zauren Lugga, kuma kowa a zauren ya taso a gidan da ba a yar da tsoho.

Garin baƙi

Abin mamaki shi ne, garin da aka zauna aka yi wannan zato shi ne inda zaton ya fi rauni. Kaduna ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar fada. Barikin soja ce da tashar jirgin ƙasa, aka mayar da ita hedkwata a 1917 bayan an taso daga Zungeru, a 1956 kuma aka yanke ta daga En'e ta Zazzau aka ba ta Kantoma. Mutanenta soja ne da leburori da akawuna da masinjoji da 'yan kasuwa, kowa da garin da ya baro. Sunayen unguwanni ma sun nuna haka, Unguwar Kanawa, Unguwar Shanu, Tudun Nufawa. Da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957 wasu dubbai suka ƙaru. A da, in ma'aikaci ya tsufa sai ya koma gida. Amma wanda ya shekara arba'in a Tudun Wada, gonar gado ta shiga hannun wasu, tsaransa sun mutu, ina gidan yake? Da masaƙu suka durƙushe, ta Kakuri a 2002, babbar ta UNTL a 2007, an bar tsofaffin ma'aikata da yawa ba aiki, wasunsu ba haƙƙin sallama, 'ya'yan da ake sa ran su riƙe su kuwa su ma ba su da abin yi.

Gajiyayyen da ya rasa mai riƙo, titi yake fita, a nan kuma doka tana jiransa. Sashi na 405 na Final Kod da waɗanda ke bin sa sun sa mai yawon bara cikin jerin zauna-gari-banza da ake iya ɗaurewa. Wannan ita ce fuskar da gajiyayyun Kaduna suka fi sanin doka da ita. A watan Yuli na 2015, bayan bam ɗin da ya tashi a sakatariyar Sabon Garin Zariya, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta hana bara a tituna, makafi da guragu da kutare na matsugunin Kano Road suka fito suka yi zanga-zanga suna tambaya a ba su abin da za su ci tukuna. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi da naƙasassu a sashi na 16, ya kuma ce a sashi na 17 a kare yara da tsofaffi daga sakaci, amma duka biyun suna cikin babi na biyu wanda sashi na 6 ya hana kotu tilasta shi.

Akwai wani abu na taswira da ya kamata a ambata a gurguje. Asibitin masu taɓin hankali na tarayya, wanda aka fara a 1975, yana Barnawa. Gidan horon matasa da cibiyar koyar da naƙasassu sana'a suna wajen Kakuri. Duk kudu da kogi suke. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na 2002, da garin ya rabu kusan gida biyu, ƙetare gada da mara lafiya ya ƙara nauyi a zuciyar wasu iyaye na arewacin gari. Ba mu ce wannan ne ya haifi gidan mari ba, domin akwai shi a Kano da Katsina da Zariya inda babu kogin da ya raba. Tsadar asibiti da ƙarancin likitoci sun fi ƙarfi. A 2019 likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba. Ga kuma shaye-shaye, wanda binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta ya shafi mutum miliyan 14.3. Uwar da ɗanta ya fara dukanta saboda ƙwaya, malamin unguwa ya fi mata kusa, ya fi araha, kuma ba ta jin kunyar faɗin inda ta kai shi.

Rigasa

Ranar 26 ga Satumba, 2019, 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa mai ɗauke da allon makarantar Islamiyya. Suka fito da maza fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu an haɗa su da ƙarfen mota, da yawa da tabon bulala a baya. Akwai 'yan Burkina Faso da Mali da Gana a cikinsu. Aka kama mutum bakwai. Ranar 19 ga Oktoba aka buɗe wani gidan a Rigasa ɗin, aka fito da mutum 147, har da mata, gwamna da kansa ya je. A cikin watan nan aka yi irin haka a Daura da Katsina da Zariya, gwamnatin Kano kuma ta ba da umurnin rufe gidajen mari. A Nuwamba ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton wurare 28 da ta ziyarta a ƙasar, ta nuna ɗaure mutane da sarƙa ba na malamai kaɗai ba ne, ana yi a coci-coci, da wurin masu maganin gargajiya, har da cibiyoyin gwamnati.

Abin da ya ja hankalin jaridu shi ne mari da bulala da fyaɗe, kuma waɗannan doka ta daɗe da sanin sunansu. Abin da bai ja hankali ba shi ne ɗaruruwan mutane a gida ɗaya, da abincin da ba ya isa, da masu ciwon ƙwaƙwalwa waɗanda likita bai taɓa gani ba, shekara da shekaru, iyaye kuma suna biyan kuɗi. Gidan ba a ɓoye yake ba, a tsakiyar unguwa mai cunkoso yake. Idon mai unguwa da na liman, wanda tsohon tsari ya dogara da shi, bai yi aiki ba, sabon tsari kuwa bai sa wani sufeto a gurbinsu ba.

Wasu ƙasashe sun bi ta wannan hanya. A Indiya, inda sashinmu na 382 ya samo asali, gobara ta tashi a wani gidan mahaukata na kusa da hubbaren waliyyi a Erwadi a watan Agusta na 2001, mutum 28 suka halaka domin suna ɗaure da sarƙa. A Ingila, bayan BBC ta nuna abin da ake yi wa masu raunin hankali a gidan Winterbourne View a 2011, an hukunta ma'aikata 11, shida suka shiga kurkuku. Majalisarsu ta riga ta mai da sakaci da mai raunin hankali laifin shekara biyar a 2005, a 2015 kuma ta faɗaɗa shi ga duk ma'aikacin jinya, ta kuma ƙara wani laifi dabam a kan kamfanin da ya mallaki gidan. Wannan ƙari na ƙarshe shi ya fi dacewa da mu duba, domin a Rigasa ma mai riƙe da bulala dabam, mai karɓar kuɗi dabam.

A nan gida dokoki sun yi ta fitowa a 'yan shekarun nan. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta 2015, a sashi na 16, ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ga wanda ya watsar da mata ko miji ko 'ya'ya ko wanda ke dogara da shi ba abin rayuwa. Jihar Kaduna ta yi tata irin dokar a 2018, bayan ta maye gurbin Final Kod ta 1959 da sabuwa a 2017. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a 2019. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta kawar da dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana ɗaure mara lafiya da sarƙa. Za a ga shekara ukun da aka bari a 1960 ta dawo ta wata ƙofa bayan shekara hamsin da biyar. Amma laifin da sashi na 16 ya kama shi ne watsarwa, kuma iyali yake kallo. Mai gidan riƙo bai watsar da kowa ba, kulle ƙofa ya yi. Dokar 2023 kuma ta masu ciwon ƙwaƙwalwa ce. Tsohon direban da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, hankalinsa garau, wanda aka bari a shagon wani ana karɓar fanshonsa, ba ya cikinta.

Waɗanda aka fito da su daga gidan farko na Rigasa, filin wasa na Ranchers Bees aka fara kai su, daga nan aka mayar da su sansanin alhazai na Mando, aka yi shela iyaye su zo. Iyaye suka zo. Wasu suka yi kuka da suka ga bayan 'ya'yansu, suka ce ba su san haka ake yi ba. Wasu kuwa suka yi fushi da 'yan sanda, suka ce su suka kai 'ya'yansu da hannunsu bayan sun rasa yadda za su yi da su, suna tambaya yanzu ina za su kai su. Hukuma ta ɗauki sunaye, ta miƙa wa kowa nasa, sansanin ya koma jiran maniyyatan baɗi.